Kowa da sifikar da ya saurara: amsa ga mai naɗar jita a ɗaki

Tambaya: "Yaya, ni ɗalibi ne a Jos, ina haya a wajen Angwan Rogo. Na maimaita wata waƙar soyayya ta wani mawaƙi da jitar katako, na naɗa a ɗakina da laftof da ƙaramin sawunkad da makirfo guda, na yi miksin da kaina. Na tura wa abokaina huɗu. Ɗaya ya ce bas ya yi yawa, ɗaya ya ce jitar ta yi siriri ba ta da jiki, ɗaya ya ce ba ya jin kalmomin, na huɗu ya ce ta yi wallahi, in ƙara eko kawai. Ina ta gyara tana ƙara lalacewa. Ga waƙar, ga kuma fayil ɗin aikin gaba ɗaya. Wa zan bi?"

Ƙanena, na saurari waƙar, na kuma buɗe aikin na bi shi layi-layi. Kada ka bi ko ɗaya a kan maganin da ya ba ka, amma ka yarda da ukun farko a kan abin da suka ce sun ji, domin babu wanda ya yi maka ƙarya. Na huɗun ƙaunarka yake yi. Ka gode masa, ka ajiye maganarsa gefe. Abin da ba za ka so ji ba shi ne, yawancin abin da suke ƙorafi a kai ba a miksin, wato haɗa sautukan da daidaita su, ya lalace ba, tun wurin ɗauka ya shigo. Shi ya sa duk murɗe-murɗen da kake yi ba ya kai ka ko'ina. Jitar nan sai an sake ɗaukarta.

Koma ka tambayi na farko da na biyu da me kowannensu ya saurara. Ina kyautata zaton na farko a mota ya ji, ko a sifikar falo mai wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da bas, na biyun kuma a bakin wayarsa. Tsirkiyar jita mafi kauri, in an saita ta yadda aka saba, tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, wato 82 Hz. Mai bi mata 110, mai bin wannan 147. Ƙaramar sifikar waya ba ta da ƙirjin fitar da waɗannan, abin da ke ƙasa da 200 Hz kusan babu shi a wurinta. To kai kuma kaso mai yawa na ƙarfin jitarka a can ƙasan ya taru. Mai wufa ya ji shi har ya ishe shi. Mai waya an cire masa shi, aka bar shi da saura, sauran kuma ba nama. Abu ɗaya ne ya dame su, kowa ta ɓangarensa. Da ka bi na farko ka zaftare bas, sai na biyu ya ƙara samun abin faɗa. Da ka bi na biyu ka ƙara kauri, sai na farko ya dawo. Zagayen da kake ta yi ke nan.

Inda kaurin ya fito ba ɓoyayye ba ne. A bakin ramin jitar ka dasa makirfon, ba sai ka gaya mini ba. Akwatin jita yana da tasa muryar, wadda a yawancin jitocin katako take zaune wajen 100 Hz, kuma ta ramin nan take fita. Waƙar da ka maimaita a kan G take yawo, shi kuwa G na ƙasa, wanda kake dannawa a firet na uku na tsirkiya mai kauri (firet su ne layukan ƙarfen da ke kan wuyan jita), 98 Hz ne. Sun yi karo ke nan. Saurari daƙiƙa ta 38, inda ka sauko daga C zuwa G: sautin ya kumbura ya cika kunne, ya haɗiye kalmar farko ta baitin, da ka haura D kuma ya sace. Ga ƙari a kai: makirfo irin naka, mai ji ta gaba kawai, duk sa'ad da aka matso da shi jikin abu yakan ƙara masa kauri da kansa. Kai kuma ka haɗa ramin da matsowar.

Ikiyu, abin da ake rage ko ƙara wani sashen sauti da shi, zai rage wannan, amma da tsada. In ka haƙa rami a 100 Hz don G ya lafa, sauran kod ɗin, irin su C da D, da ba su yi laifin komai ba za su rame. Gyaran na gaskiya bai kai minti goma ba. Ɗauke makirfon daga bakin ramin, ka saita shi daidai inda wuyan jitar ya haɗu da jikinta, wajen firet na 12 zuwa na 14, da tazarar santimita 20 zuwa 30, taƙi guda da ɗan ɗori. In kana son ƙarin jiki ka ɗan karkata bakinsa wajen ramin, in kaifi kake so ka karkata shi wajen wuya. Kada ka yi wannan aikin da ido. Sa hedfon, ka riƙa kaɗa G da C da D a jere, wani yana motsa maka makirfon a hankali, har ka ji ukun sun zo daidai wa daida babu mai ɗaga wa wani kai. Da ka samu wurin, manna salatif a ƙasa inda ƙafar kujera take da inda sandar makirfo take, don gobe kada ka sake nema.

Sai ɗakin kansa. Tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wata 'yar karkarwa ta biyo bayan tafin, bangon siminti biyu ne ke jefa wa juna sauti, kuma tana cikin naɗinka, na ji ta a wutsiyar kalmomi. Ɗakunan hayar ɗalibai haka suke: siminti, tayil, silin, taga guda. Kada kowa ya sa ka sayi kwalin ƙwai ka lilliƙa a bango. Ba ya hana ƙarar waje shigowa, abin da yake sha na sautin ciki kuma bai taka kara ya karya ba. Katifarka ta fi shi aiki nesa ba kusa ba, sai dai mutane na kuskuren inda suke jingina ta. Suna sa ta a bayan makirfo, alhali ta bayan nan kurma ne tun daga kamfani. Abin da yake kallo kai ne da bangon da ke bayanka, saboda haka a bayanka katifar za ta tsaya. Shimfiɗa bargo ko kafet a ƙasa tsakaninka da makirfon, saki labule, buɗe durowar kaya in akwai. Kada ka zauna a kusurwa, nan kauri ke taruwa, kada kuma ka zauna a tsakiyar ɗaki cif.

Ƙarar waje kuwa babu katifar da za ta tare ta, sai zaɓen lokaci. A unguwa irin taku, tsakanin keke-napep da injin markaɗe da yara, rana ba taka ba ce. Daga bayan Isha'i in gari ya lafa zuwa kafin kiran assalatu, nan ne sitidiyonka. In akwai coci kusa, ka bar safiyar Lahadi. In damina ta kankama, Yuli da Agusta, ruwan Jos a kan kwano ba ya barin kowa ya naɗi komai sai ya ɗauke.

Akwai ƙugi a ƙarƙashin waƙar tun daga daƙiƙar farko, kafin ma ka taɓa tsirkiya. Babu wanda ya ambace shi, amma yana cikin abin da na farko ya kira bas. Wutar Najeriya sau 50 take juyawa a daƙiƙa, ƙuginta a 50 Hz yake, da 'ya'yansa a 100 da 150; ka ga ɗan farin ya sake faɗawa kan G ɗinka. Gwajin mai sauƙi ne: danna naɗi, kada ka kaɗa komai, zare cajar laftof daga bango. In ƙugin ya ɗauke, ka kama ɓarawon. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa mai kyau, caja mai arha kuma tana zuba datti cikin sawunkad, na'urar da ke haɗa makirfo da laftof, ta kebul ɗin USB. Cika batir ka naɗa a kansa. Kashe fanka, a sanyin Jos ba wata asara ba ce, ka kuma nisanta wayarka daga kebul ko ka sa ta a yanayin jirgi. Da janareto kada ka fara: ban da ƙararsa da ke ratsa bango, gudunsa na hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ƙuginsa ba ya tsayawa a lamba guda balle ka yanke shi da ikiyu. A sana'ar nan ce kawai ɗauke wuta kan zama alheri, muddin maƙwabta ba su tayar da nasu injin ba.

Sirantar da na biyu ya ji tana da wani dalilin, wannan kam a miksin ne. Na ga ka kwafi layin jitar, ka tura ɗaya hagu ɗaya dama, ka jinkirta na daman da 'yan milisakan don ta yi faɗi. A hedfon da daɗi, ban musa ba. Amma waya mai sifika ɗaya, da ƙananan sifikun Bluetooth da yawa, haɗe hagu da dama suke yi su fitar ta baki guda. Sauti in ya haɗu da kansa a makare, wasu sassansa na ninkuwa wasu na kashe juna, sai jitar ta fito holoƙo. Goge kwafin. In faɗi na gaske kake so, kaɗa jitar sau biyu, ɗauka biyu daban, ɗaya hagu ɗaya dama. Ɗan bambancin hannunka tsakanin ta farko da ta biyu shi ke ba da faɗin, kuma ba ya rushewa in an haɗe. Ni dai a waƙa irin wannan, murya ɗaya jita ɗaya, da a tsakiya zan bar ta in huta. Ko wanne ka zaɓa, ka saba da danna maɓallin mono, mai haɗe hagu da dama su zama ɗaya, kana cikin aiki, domin yawancin waɗanda za su ji ka ta haka za su ji ka.

Yanzu na uku, mai cewa ba ya jin kalmomi. Shi ne maganarsa ta fi nauyi a wurina. Abin da ke sa kunne ya bambance baƙaƙe, ya san "sani" aka ce ko "tsani", yana zaune ne tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, kuma nan ne kunnen ɗan Adam ya fi ji. Bugun fik ɗinka, 'yar robar da kake kaɗawa da ita, a kan tsirkiya a daidai wurin yake sauka, suna ta ture juna da muryar. Sannan ka zuba eko mai tsawon daƙiƙa uku da wani abu kai tsaye a kan layin murya. Waƙar Hausa ba ta jure wannan. Ma'anar maganarmu a rataye take da tsawon wasali da hawa da saukar murya, karin waƙa kuma ya riga ya ci wani kaso na hawa da saukar. In eko ya zo ya shafe ƙarshen kowace gaɓa, sai mai sauraro ya koma cinta. Da ka ɗauki shawarar na huɗu, da nan za ka ƙara nutsewa.

Ka kuma san kunnen da abokinka ya zo da shi. Ya saba da waƙoƙin sitidiyo da ake haɗawa da fiyano, inda murya ke can gaba, mai kaifi, an matse ta, an bi ta da Auto-Tune mai daidaita karin murya. Da wannan mudun yake auna ka. Ba lallai ka koma can ba, ai abin da ya sa mutum zai tsaya ya ji maimaici da jita shi ne ya ji murya a sake, har da numfashinta. Amma Bahaushe kalma yake bi a waƙa kafin kiɗa, in bai ji me aka ce ba ya wuce. Saboda haka ka kai muryar inda kake ganin ta yi daidai, sannan ka ƙara mata dB ɗaya da rabi ko biyu (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Rage wa jitar kamar dB biyu a wajen 3,000 Hz don ta ba murya hanya. Eko kuma ka ba shi layinsa daban ka riƙa aika masa murya kaɗan-kaɗan, tsawonsa kada ya wuce daƙiƙa ɗaya da rabi, ka jinkirta shigarsa da milisakan 30 don kalmar ta fita kafin ya biyo ta, ka yanke masa duk abin da ke ƙasa da 200 Hz. Ɗaga shi har ka ji shi sarai, sannan ka sauke har ya kusa ɓacewa.

Wani ɗan abu game da bakinmu da makirfo. Yawancinmu da leɓe biyu muke yin f, tana huro iska kai tsaye, haka b. Ts da ƙ kuma da ɗan fashewa suke fita. A baitin farko kowace f taka sai da ta buga makirfon. Sa raga a gabansa, ko safa mai tsabta da aka ɗame a kan zoben waya, ka tsaya taƙi guda, ka ɗan kauce ta yadda iskar bakinka za ta wuce ta gefensa. Kwamfuresa kuma, mai danne sauti in ya yi ƙarfi, a hankali: uku bisa ɗaya, yana rage dB uku ko huɗu a wuraren da ka ɗaga murya, ya isa. Kalmomin da suka nutse a ƙarshen layi ka ɗago su da hannu ɗaya bayan ɗaya, aiki ne mai cin rai amma ya fi duk wani fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ɗorawa a kan layi.

Abin da ya fi duk waɗannan girma babu wanda ya faɗa maka shi a cikin huɗun, saboda kunnen da ba na makaɗi ba yana jin rashin daɗinsa ne kawai, bai san sunansa ba. Ka naɗi jitar ba tare da kilik ba, wato bugun nan mai riƙe maka gudun waƙa a hedfon. Ka fara wajen bugu 84 a minti, kafin amshi na biyu ka haura 90, da ka zo ɗora murya sai ta koma bin jitar da gudu, har kana yanke numfashi a tsakiyar kalma. Ɗan ƙara gudu a amshi ba laifi ba ne in da niyya aka yi, naka kuwa zumuɗi ne. Yi atisaye da kilik har ka daina jin yana takura maka. In ƙararsa na sa hannunka ya sandare, canza ta zuwa sautin kacau-kacau, ka kuma rage ta a hedfon don kada ta zubo cikin makirfo a wuraren da waƙar ta yi shiru.

Tsirkiyar B ɗinka ta ɗan sauka, tsirkiyar G kuma tana ziza a firet na biyu da na uku. Tsufan tsirkiya na ciki, hunturu ma na ciki. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. Iskar Disamba da Janairu a tudun Jos tana faɗuwa ƙasa da haka sosai. Katako ya bushe ya tsuke, fuskar jitar ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi su kusanci firet su fara ziza, har bakin firet ɗin ya fara cizon hannu a gefen wuya. Daina jingina ta a bango kusa da taga. Ajiye ta cikin jakarta, ka sa soso mai ɗan danshi, wanda aka matse har ba ya ɗiga, a cikin gidan sabulu mai huji. Sabbin tsirkiyoyi kuma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ɗauka za ka ɗaura su don su zauna. Sake tunin, wato saita sautin tsirkiyoyi, kafin kowace ɗauka, in ka sa kafo, abin matse tsirkiyoyi a wuyan jita, ka sake dubawa bayan ka sa shi.

Saitin ɗauka ba shi da dogon bayani: bit 24, 48 kHz in za ka haɗa da bidiyo, fayil ɗin WAV da ba a matse ba, ba MP3 ba. Murɗa ƙarfin shiga ta yadda bugunka mafi ƙarfi zai tsaya wajen -10 dB. A amshin ƙarshe muryarka ta shiga ja ta fashe, wannan kuma ba ya ɗinkuwa. Kada ka sayi sabon makirfo, kada ka canza manhaja. Ko Audacity ce ta kyauta, ko Reaper, ko FL Studio, babu wadda ta sa maka makirfo a rami.

In ɗaukar ta yi kyau za ka sha mamakin ƙanƙantar miksin ɗin. Fara da feda kawai, wato maɓallan ɗaga ƙarar kowane layi da sauke ta, ba fulogin ko ɗaya, a mono, da ƙarar da za ka iya magana a kanta ba tare da ɗaga murya ba. Sannan yanke wa jita abin da ke ƙasa da 75 Hz, tunda ba ta da komai a can sai ƙugi, murya kuma ƙasa da 90 ko 100. Ka kiyayi tarko guda: duk abin da ya fi ƙara, kunne cewa yake ya fi daɗi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna a Amurka cewa kunne ba ya jin kauri da kaifi sosai in ƙara ta yi ƙasa, yana ƙara jin su in ta hau. Fulogin da yawa suna ɗan ƙara ƙarfi, sai ka ɗauka gyara suka yi. Kafin ka yanke hukunci ka daidaita ƙarar kafin da bayan. Limita ɗin da ka ɗora a ƙarshe ma, mai hana ƙara wuce iyaka, ka sassauta masa, ya shaƙe waƙar har baiti da amshi sun zama tsawo ɗaya. YouTube da Spotify suna sauke abin da ya fi ƙara zuwa wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta, wahalar banza ce ka yi ta matsewa. Bar ƙololuwarka a -1 dB.

To, neman ra'ayi. "Ya ka ji ta?" gaisuwa ce, amsarta kuma "ta yi wallahi". Mu mutane ne masu kara, aboki ba zai dubi idonka ya ce aikin da ka hana kanka barci a kai bai yi ba. Sai ka yi masa tambayar da zai iya amsawa ba tare da ya ji ya ci fuskarka ba. Da me ka saurara? A daidai wace daƙiƙa ka ji hankalinka ya tafi wani wuri? Akwai inda ka kai hannu ka rage ƙara ko ka ƙara? Tsakanin jita da murya wa ya danne wani? Kuma kada ka haɗa da ban-haƙuri, irin "ban gama ba fa, muryata ta ɗan dishe". Da ka faɗi haka ka gaya wa kunnensa inda zai duba, ba zai ji komai ba sai wannan.

Maimaici yana da nasa tarkon. Wanda ya haddace waƙar asali yana cike kalmomin da bai ji ba daga kansa, ba zai ma san bai ji ba. Don gwada fitowar kalmomi ka nemi wanda bai san waƙar ba, ko gwaggonka ce, ka kunna mata a waya sau ɗaya ka ce ta maimaita maka baiti na biyu. Inda ta tsaya, nan aikinka yake. Akwai kuma masu cewa "ai ba haka mai waƙar ya yi ba". Wannan ba magana ce a kan miksin ba, kuma da haka ya yi da ba ka da dalilin maimaitawa. Yadda ka ajiye fik ka koma yatsu a baiti na biyu shi ne wuri mafi kyau a duk aikin, kada ka bari a sa ka cire shi.

Mai sauraro kamar wanda ya kai ɗinki ne: in ya ce riga ta matse shi a hammata gaskiya ya faɗa, amma inda za a farke a saki tela ne ya sani. Rubuta ƙorafin kowa tare da na'urar da ya saurara da ita, ka zubar da shawarar maganin. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka ajiye shi a takarda. Abin da biyu ko uku suka faɗa a na'urori daban-daban, shi ne na gyara. Ka rarraba masu jin kuma. Makaɗi guda, shi zai kama maka gudu da tunin. Mai aikin sauti guda, Jos kuwa ba ta rasa su ba, daga masu sitidiyo zuwa masu kula da na'ura a coci-coci da wuraren biki. Biyan awa ɗaya don ka ji aikinka a manyan sifikun sitidiyo, mai wurin yana zaune gefenka, ya fi sayen fulogin amfani. Sai mutum ɗaya ko biyu da ba ruwansu da kiɗa. Abokai goma masu waya iri ɗaya kunne ɗaya ne.

Yadda kake turawa ma yana canza abin da suke ji. In ka ɗora a sitatus ko ka tura a matsayin bidiyo, WhatsApp na matse sautin. In ka kunna a laftof ka naɗa da saƙon murya kuwa, ɗakinka da makirfon wayarka za su yi wa hukunci. Tura a matsayin dokumen, fayil ɗin zai isa yadda yake. WAV na minti huɗu a saitin da na gaya maka ya kai wajen MB 70, wanda ba kowa zai ƙona datarsa a kai ba. MP3 mai 320 kbps wajen MB 10 ne kuma ya isar wa kowa in ban da mai aikin sauti. In kana shakka tsakanin miksin biyu, daidaita ƙararsu, sa musu 1 da 2, kada ka faɗi wanne ne sabo. Bayan ra'ayoyi sun zo ka kwana kafin ka taɓa komai, ka canza abu biyu ko uku kawai, ka adana da sabon suna don in ka ɓata ka samu wurin komawa. Ka kuma riƙe waƙa guda ta ƙwararru mai jita da murya kawai, ko daga ayyukan masu jitar Agadas da Mali da suka yi da jitar katako, ka sa ta a layi ɗaya cikin aikinka kana leƙa ta da ƙara iri ɗaya. Waƙar asalin da aka yi da fiyano da ganguna ba za ta auna maka wannan ba.

Kafin ka saki: waƙar ba taka ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare kari da kalmomi daban, tana kare naɗin sauti daban. Da ka kaɗa da hannunka ba ka taɓa naɗinsu ba, amma kari da kalmomin na mai su ne. Rubuta sunansa a ƙasan bidiyo ladabi ne, bai zama izini ba. A YouTube tsarin Content ID na iya gane karin ya mayar da kuɗin talla ga mai waƙar, wannan bai cika zama matsala ba. Takardar ƙorafi ta sauke bidiyo ita ce mai zafi, uku suna rufe tasha. In za ka ɗora a Spotify ko Audiomack ko Boomplay don samun kuɗi, sai da lasisi. Mawaƙan Hausa da yawa ana iya kaiwa gare su ko ga manajansu, ka tura masa ya ji, ka nemi amincewarsa a rubuce.

Kada ka sake naɗar waƙar gaba ɗaya tukuna. Gyara zaman makirfo da katifa, zare caja, ɗaura sabbin tsirkiyoyi, sannan ka turo mini daƙiƙa 40 kawai: goman farko shiru, kana zaune riƙe da jitar ba ka taɓa ta ba, sauran talatin G da C da D da kilik a 84, ba ikiyu ba eko. In wannan ya fito, sai mu shiga maganar murya.